Ranar da Inna Ba Ta Aje Taɓarya Ba

Wata mata da ke haya a bayan gidanmu, nan Dutsin-Ma, ta ɗora kalwa a wuta makon jiya. Yanzu ba kowa ke yin daddawa a gida ba, duk an koma wa ɗan dunƙulen kanti, shi ya sa da warin ya tsallako katanga jikokina suka toshe hanci suna tambayar me ya mutu. Na naɗe tabarmata na shige ɗaki na saki labule. Ni warin dafaffiyar kalwa ba ya zo mani shi kaɗai, tare yake zuwa da ƙarar turmi da kukan yaro, kuma duk tsufan nan nawa in na shaƙe shi sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Zan faɗa maka abin da ya faru. In za ka yanke hukunci ka yanke, amma ka bari sai na kai ƙarshe, don na ga waɗanda suka yanke tun daga tsakiya, kuma ba su burge ni ba.

A Birchi aka haife ni, ƙasar Kurfi, gidan manoma. Gidan ƙasa ne mai zaure ɗaya, rumbuna a bayan ɗakuna, turken awaki a kusurwa, da wata tsohuwar ceɗiya da ta ba rabin tsakar gida inuwa. Babanmu ba mai magana ba ne, in ya saɓa fartanya da safe sai la'asar. Gidan a hannun uwarsa yake, wadda muke kira Kaka. Innarmu kuwa daga Shema aka auro ta, doguwa, siririya, mai tafiya kamar ba ta son ƙasa ta ji. Mu biyu ne 'ya'yanta a lokacin: wana, wanda shi ne ɗan fari, sai ni.

Yaran yanzu sai an yi masu bayanin kunyar ɗan fari. A lokacinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi mashi wasa, ba ta goya shi ta fita, ba ta kallonsa in da mutane. Ko nono za ta ba shi sai ta shige ƙuryar ɗaki, in an yaye shi kuma ya koma hannun kaka. In aka tambaye ta 'ya'yanta nawa, ba ta sa shi a ciki. Ba ƙiyayya ba ce. Nuna wa dangin miji ne cewa ɗan nasu ne, ita kuma tana jin nauyinsu. Da wannan ake auna mace. Wadda ta iya, a ce ta fito gidan mutunci. Wadda ta kasa, 'yan mata su sa ta a waƙa a dandali, ta daɗe ba ta ɗaga kai a bakin rijiya ba.

Inna ta iya, har ta wuce kowa. Wana a ɗakin Kaka yake kwana, a akushin Kaka yake ci. In dole ta sa Inna ta ambace shi, sai ta ce “ɗan tsohuwa”. In ta toya ƙosai ta ware nashi, ni take miƙa wa ta ce, “Kai can,” ba ta ko nuna inda can ɗin yake. Na dai lura kullum nashi ya fi nawa yawa, kuma wanda ya fi soyuwa ne. Ni kuwa ina bayanta, ina cinyarta, tana mani kitso tana mani waƙa, shi yana raɓe a jikin rumbu yana fere kara, yana kallonmu ta wutsiyar ido. Ban san akwai wani abu a ciki ba. Haka na taras da duniya, kamar yadda na taras rana na fitowa ta bayan gonarmu.

Kaka ce ke cike mashi gurbin. Maigidana take kiransa. In ya dawo daga kiwo sai ta tare shi, “Kai maigida, haka za ka shigo mani hannu na dukan cinya? Ina gorona?” Shi kuma ya ce ai tun jiya ya sake ta, tsohuwa ba haƙori me zai yi da ita. Sai ta bi shi da mafici, gwiwoyinta na ƙara, tana tsayawa tana dafa bango. Ba ta taɓa kama shi ba.

Da bazara abin ya faru, lokacin da ɗorawa ta nuna. In ka san bazarar ƙasarmu ka san yadda take: ƙasa ta yi zafin da ba a taka ta da tsakar rana, sama ta haɗa gajimare ta watse ba ko ɗigo, yara duk bakinsu ya yi rawaya da garin ɗorawa. A lokacin ne mata ke tara kalwa su yi daddawar shekara. Aiki ne mai cin rai. Sai an dafa kalwa ta daɗe a wuta har ta yi laushi, a juye a turmi a surfa ɓawon ya fita, a wanke, a sake mayar da ita wuta da kanwa, sannan a rufe ta da ganye ta yi kwanaki kafin ta zama abin sa wa miya.

Ranar da hantsi an sauke tukunya ɗaya, Inna na surfe. Babbar tukunya ta biyu na tafasa a kan murhu, tsakaninta da turmin bai wuce tsawon taɓarya ba. A inuwar ceɗiya akwai tsofaffi biyu suna tsintar kalwa a faifai: yayar Kaka, da wata maƙwabciyarmu wadda duk abin da ta gani da safe kafin azahar ya kai Kurfi. Kaka ta zaga bayan rumbuna duba kazarta mai kwanci. Ni ina zaune gindin turmi ina lasar garin ɗorawa a tafin hannu.

Sai wani ɗan akuya ya tsinke igiya ya nufi kalwar da aka wanke. Wana ya biyo shi a guje. Yana sanye da taguwar saƙi mai dogon hannu da Kaka ta sa aka ɗinka mashi da salla, wadda ya ƙi rabuwa da ita duk zafin nan. Ƙafarsa ta harɗe da itacen da ya fito daga murhu, itacen ya ture dutse, tukunya ta karkace, shi kuma ya kai hannun dama zai dafa. Ruwan ya kwararo mashi tun daga gwiwar hannu har yatsu.

Saƙi in ya sha ruwa riƙewa yake. Hannun rigar ya manne a jikinsa yana ci gaba da dafa shi. Yaron nan bai nufi ceɗiya ba, bai nemi Kaka ba. Wurin Inna ya yi, abin da bai taɓa yi ba tun da na yi wayo. Ya cafki bakin zanenta da hannun hagu, yana ɗaga mata na daman, yana ihu.

Daga ƙasa nake kallonta, don haka na ga abin da tsofaffin ba su gani ba. Taɓarya na sama ta tsaya. Na ga yatsun ƙafarta sun nutse cikin ƙasa. Ta kalli hannun rigar, sannan idonta ya tafi gindin ceɗiya, inda matan nan biyu suka saki faifai suka zuba ido, kuma ita suke kallo, ba yaron ba. Sai ta juyar da fuska wajen bango, ta sauke taɓarya cikin turmi. Ta ɗaga, ta sake saukewa. Da murya can ƙasa ta ce mani, “Kira tsohuwa.”

Na ruga. Kaka ta taho tana salati, rabi tafiya rabi rarrafe. Kafin ta iso tsofaffin sun miƙe, wannan na cewa a kawo ƙwai, waccan na cewa a kawo gishiri, ba wadda ta taɓa rigar. Kaka ce ta kama wuyanta ta zare ta ta kai. Fatar hannun ta biyo rigar. Ba zan ƙara maka komai a kan wannan ba. Turmi kuwa bai daina ƙara ba har kalwar da ke ciki ta dame ta lalace, kuma ba wanda ya ce wa Inna ya isa.

Aka aika gona aka kira Baba, aka kira wanzami. Ya shafa zuma, ya bi da gashin zomo, ya naɗe hannun da tsumma, yatsu a haɗe. Abin da aka sani ke nan a lokacin.

Da la'asar gida ya cika da masu sannu, kuma a nan ne abin da ke sa ni sunkuyar da kai har yau ya soma. Sannu aka zo yi, amma ba a daɗe ba zance ya bar kan yaron ya koma kan Inna. Maƙwabciyar nan ta miƙe tsaye tana gwadawa da hannu.

“Wallahi yana riƙe da zanenta, ko gezau! Ko taɓaryar ba ta aje ba. Ni dai tun da nake ban ga ɗiya irin wannan ba.”

Wata ta ce mutanen Shema sun iya tarbiyya. Wata ta zunguri ɗiyarta da aka kusa kai wa ɗaki ta ce, “Kin dai ji.” Kaka idonta ya kumbura da kuka, jikanta na nishi a cinyarta, amma na ga ta gyara zama da ta ji yabon. Bayan 'yan kwanaki ta aika da ƙwaryar goro Shema, godiya ga iyayen surukarta.

Inna ba ta fito ta karɓi yabon ba, aka ce wannan ma kunya ce, aka ƙara mata. Tana ɗaki. Tafin hannunta ya yi bororo ya fashe, tuwon da na kai mata ya kwana a rufe. Ba ta da bakin tambayar yaron, sai ta riƙa ce mani, “Tsohuwa ta samu ta runtsa?” ko “Tsohuwa ta ci wani abu?” Ban daɗe ba na gane wanda ake tambaya. Sai in ce an sha kunu kaɗan, ko in ce yau ba a yi kuka sosai ba. Ta gyaɗa kai ta juya baya.

Mutum ɗaya ce ba ta yi guɗa ba. Gwaggo, ƙanwar Baba, tana aure nan Dutsin-Ma gidan wani malami mai makaranta. Labari ya kai mata ranar kasuwa, ta tako a ƙasa ta zo. Ta ɗaga tsumman ta duba, ta mayar a hankali, ta wanke hannu, sannan ta zauna gaban uwarta. Ita Iya take kiranta.

“Iya, na ji har goro kika aika.”

“Na aika. Ke kika saya mani?”

“Yaro na ƙonewa uwarsa na daka, ku kuna yabo. Malam ya ce shi duk karatunsa bai ga inda aka ce a yi haka ba.”

“Malam ɗin ba ɗan fari ba ne? Je ki tambaye shi ko uwarsa ta taɓa kiran sunansa. Ke ma naki na farin a ɗakin wa yake kwana?”

Gaskiya ne, na Gwaggo ma yana hannun surukarta. Duk da haka Gwaggo ta ce, “Rashin kiran suna ba ya saɓule wa yaro fata, Iya.”

Kaka ta ce, “Ke kin zauna cikin gari kin manta. Abu mai kyau shi ne abin da mutanen wuri suka ce yana da kyau, ba tono shi ake a wani rami ba. A gidanku mace ba ta leƙa ko zaure, mu nan muna kai abinci gona muna roron gyaɗa, wa ya fi wani? Da ta yar da taɓarya ta rungume shi a gaban waɗancan, yau ina za ta sa kanta? Shi kansa da ya girma ana ce mashi ɗan marar kunya.”

“Da ya girma da hannu biyu ana faɗa mashi.”

Kaka ta jefe ta da mafici. Inna na bayan zana tana tankaɗe, tana jin komai. Na ga rariyar ta tsaya a hannunta har suka gama.

Ni a lokacin Kaka na ba gaskiya, don na ga mutanenta sun fi yawa. Gwaggo ita kaɗai ce, har Baba ya ce mata ta bar tada zaune tsaye. Amma ba ta koma ba sai da ta sa aka ɗora yaron a jaki aka kawo shi Dutsin-Ma wurin masu magani. Da aka kwance tsumman, yatsu huɗun sun manne da juna sun lanƙwashe ciki, babban ne kaɗai ke motsi. Aka ce an makara. Haka aka dawo da shi da farkon damina, ana shuka, ya zauna bakin gona yana kallon sa'o'insa na bin layi da ƙwaryar iri.

Hannun bai kashe shi ba, amma ya bi shi ko'ina. Noma ya gagare shi, sai Gwaggo ta ɗauke shi ya koyi awon hatsi a kasuwa, kuma Allah Ya sa mashi albarka. Da hagu yake cin abinci. Duk taron da ya shiga inda ba a san shi ba, sai wani dattijo ya daka mashi tsawa, kai yaro da hagu kake cin tuwo, a gidanku ba a koya maka ba? Tun yana kuka har ya koyi fito da hannun daga cikin riga ya aje a gaban mutum ba tare da ya ce komai ba. Na sha ganin dattijo ya kasa ƙarasa lomar da ke bakinsa.

Ni kuwa na ci ribar wannan rana, kuma ban roƙa ba. Da na isa aure, sunana a Birchi da kewaye shi ne ɗiyar wadda ba ta aje taɓarya ba. Da wannan aka neme ni. Ranar da aka kai ni ɗaki uwar mijina ta ɗaga mayafina a gaban mata ta ce sun yi dace, irin gidan da ake nema ke nan. Aka yi guɗa. Wana na zaure yana gaisawa da baƙi, yana miƙa masu wuyan hannu maimakon tafi. Ka taɓa cin abinci mai daɗi ka san daga bakin wani aka cire shi? Haka yabon nan ya zauna mani a wuya.

Da na haihu na fari mace ce. Na yi mata kunya yadda aka koya mani, ban kira sunanta ba, har yau ban kira ba, bakina ba ya iyawa. Amma idona bai taɓa barin kanta ba, kuma tun daga nan aka fara cewa ina da sa ido da faɗa. Tana rarrafe wani zazzaɓi ya kama ta da damina, jiki kamar garwashi, ido ya juye. Maza na gona, uwar mijina ta tafi biki. Na saɓe ta a baya da rana tsaka, na bi ta tsakiyar gari, ta gaban rijiya, ta gaban majalisar dattawa, na nufi hanyar mota don in kai ta wurin masu magani. Ina jin mata na cewa, “Ashe ba ta gado uwarta ba.” Kar ka ɗauka tafiyar jarumta na yi. Kunya ce ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, kamar tsirara nake tafiya. Yarinyar ta rayu, yau ita ma tana da jikoki. Amma na yi wata ban je rijiya ba, kuma kunyar da na ji ta gaske ce, ba ta ragu ba don na san abin da na yi daidai ne. A nan na gane kunya ba ta iya faɗa maka ko ka yi daidai. Abin da take faɗa maka kawai shi ne ana kallonka.

Bayan Kaka da Baba sun rasu, wana ya ɗauko Inna ya kawo ta gidansa nan Dutsin-Ma. Ya riga ya je Makka, sai abin ya zo mata da sauƙi, ta samu abin kiransa, Alhaji. Idonta ya yi yana, ba ta gani sai inuwa. Kullum in ya taso kasuwa zai durƙusa a bakin ƙofarta ya gaishe ta, ta amsa tana fuskantar bango, ya tashi. Wata rana bayan la'asar ina shafa mata man kaɗe a ƙafa ya zo ya durƙusa kamar kullum. Sai ta ce, “Matso.”

Ya ɗauka da ni take. Ta ce, “Da kai nake.”

Ya matso, mutum da furfura a gemu, yana ja da gwiwa kamar yaro. Ta ce ya ba ta hannu. Ya miƙa na hagu, ta ture. “Ɗayan.”

Ta riƙe shi da hannu biyu. Ta shafa tun daga gwiwar hannu, inda tabon ya fara, ta bi shi a hankali har yatsun da suka manne, tana neman tsakaninsu da ɗan yatsanta ba ta samu ba. Ta daɗe a haka.

“Da na cire rigar,” ta ce.

“Haba Inna, wane tsohon zance ne wannan. Ɗaurin wanzami ne ya haɗe yatsun, kowa ya sani. Ke ai daidai kika yi, duk Birchi an shaida.”

“Birchi ce ta ce daidai ne. Ka taɓa jin na faɗa?”

Ta ci gaba tana riƙe da hannun.

“Tun taɓarya na sama na san ba daidai ba ne. Bakin mata biyu na ji tsoro.”

Ba ta yi kuka ba, Inna ba mai kuka ba ce. Ta saki hannun ta juya wajena ta ce, “Ba shi ruwa, ya sha rana.” Ba ta ƙara tada zancen ba har ta koma ga Allah.

Wana yana nan da ransa, ya tsufa, ya bar wa 'ya'yansa rumfa. Har gobe in zancen ya taso cewa yake Inna daidai ta yi, abin da ta faɗa kuma tsufa ne. Da ina mashi gardama, yanzu na bari. Na lura in ya yarda kuskure ne, to ya yarda uwarsa ta gan shi yana ƙonewa ta juya fuska. In kuwa al'ada ce, to ba ita ta juya ba, gari ne ya juya ta. Da wannan ya rayu, ba ni ce zan ƙwace mashi ba.

Yanzu duniya ta sake. Matar jikana tana sumbatar ɗanta na fari a gaban surukanta, tana ƙwala mashi kira tun daga ƙofar gida, hotonsa ne a fuskar wayarta. In na gani ba ya yi mani daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Amma na duba na duba ban ga abin da ya ragu a jikin yaron ba, sai in haɗiye, na san wannan tarbiyyata ce ke motsi. Wani jikan nawa da ke jami'a ya taɓa ce mani, “Hajiya, kowane zamani da abin da yake gani mai kyau, ba wanda ya fi wani gaskiya.” Na dube shi, sai na ji kamar Kaka ce ta dawo ta sa wando. Kuma a abubuwa da yawa yana da gaskiya, kamar yadda take da ita. Kiran suna, da fita gona, da wa zai ci abinci gaban wa, duk na ga an juya su a rayuwata kuma sama ba ta faɗo ba. Amma ban iya yarda da shi har ƙarshe ba, don wadda gari duka ya yaba wa ta san ta yi ba daidai ba tun kafin kowa ya buɗe baki. In a bakin mutane kaɗai kyau da muni suke, wa ya faɗa mata?

Bara na je suna Birchi, a gidanmu na da. Ceɗiyar ta faɗi, an yi ɗakin bulo a wurin. Muna zaune tsakar gida wata tsohuwa sa'ata, wadda ba ta gani sosai, ta ɗauko wa 'yan matan yanzu labarin, tana son nuna masu yadda matan da suke. Ba ta san ina wurin ba. Ba ta kai ƙarshe ba wata yarinya mai waya a hannu, ɗanta na fari na wasa a gefenta, ta ce, “Taɓ! Wannan ai muguwar uwa ce. Da yanzu ne sai an ɗaure ta.” Sauran suka ce wallahi kuwa. A gidan da aka yi mata guɗa, a nan ake tsine mata, kuma da sauƙi iri ɗaya.

Kunyar nan ta sake rufe ni, irin ta da. Na so in yi shiru a tashi lafiya. Sai na ji bakina ya ce, “Uwata ce.”

Yarinyar ta fara, “Hajiya ki yi haƙuri, wallahi ban sani ba...”

Na ce, “Ba ki yi ƙarya duka ba. Abin da ta yi ba daidai ba ne, kuma ta riga ki faɗa. Amma ba muguwa ba ce, kar ki ƙara. Tashi, ɗanki ya kai bakin zaure, kuma babura na wucewa.”

Ta yar da wayar a tabarma ta ruga, ɗankwali na faɗuwa, tana ƙwala sunansa a gaban uwar mijinta da dangin mijinta duka. Na sunkuyar da kai don ban iya kallon wannan gudun ba. Amma kunnena na zaure, kuma ban saki numfashi ba sai da na ji ta dawo da shi yana kuka a kafaɗarta.